Matarar Iska: Ɗan Ƙarfen da ke Tsakanin Gwanintar Maharbi da Hukuncin Doka

Duk shekara idan watan Yuli ya kama, dubban maharba kan yi wa Camp Perry tsinke. Sansanin soja ne a jihar Ohio ta Amurka, a bakin tafkin Erie, kuma tun 1907 a can ake gudanar da gasar harbi ta ƙasa. Tun da sanyin safiya layi ya miƙe: soja da farar hula, dattijo mai furfura da yarinya 'yar sakandare, kowa sanye da riga mai kauri da ke ɗaure jiki, kowa ya ƙura wa tutocin da ke nuna inda iska ta dosa ido.

Allon da suke auna wa bara yakan kai nisan yadi 600, wato kimanin mita 550. Da'irar da ke ba da maki goma faɗinta inci 12 ne. Ta cikinta kuma, wadda ake raba gardama da ita idan maki ya zo ɗaya, inci 6 ce kacal.

Yawancin bindigogin da ke kan wannan layi a yau samfurin AR-15 ne, kuma da dama daga cikinsu ba haka suka fito daga masana'anta ba. Harhaɗa su aka yi gaɓa-gaɓa, wasu a shagon ƙwararren mai aikin bindiga, wasu a garejin mai ita. Cikin sassan da ake harhaɗawa akwai wani ɗan ƙarfe da ake zura wa bututun bindigar kamar zobe, tsawonsa bai wuce inci ɗaya ko biyu ba. Shi ne matarar iska. Ba shi da tsada, ba ya ɗaukar ido, amma maharba sun daɗe suna muhawara a kansa, kuma a wasu ƙasashe aikin da yake yi ne ke raba bindigar da doka ta halatta da wadda ta haramta.

Hayaƙin da ke aiki sau biyu

Idan aka ja kunama, albarushin da ke cikin kwanson harsashi yakan ƙone cikin ƙiftawar ido ya zama iska mai tsananin zafi da matsi. Wannan iska ce ke ingiza harsashi ya bi bututu ya fita da gudun da ya kai mita 800 zuwa 900 a daƙiƙa ɗaya.

A bindigar da ake ɗanawa da hannu, aikin iskar ya ƙare ke nan. A bindiga mai ɗana kanta kuwa, akan huda wata 'yar kafa a saman bututun, faɗinta kusan milimita 2. Da zarar harsashi ya wuce kafar, sai wani kaso na iskar ya kutsa ta ciki. Matarar iska ce ke zaune a kan kafar, ta karɓi wannan kaso ta juya shi baya ta wani siririn bututu zuwa cikin bindigar. Can iskar za ta buɗe sakatar da ke kulle harsashi, ta tura ta baya, a tofar da kwanso, sifirin ya dawo da ita ta ɗauko sabon harsashi.

Lamarin ya yi kama da na mai noman rani da ke fasa 'yar kafa a jikin babbar kwata domin ruwa ya shiga fanginsa. In kafar ta yi ƙanƙanta shuka ta bushe, in ta yi girma ruwa ya kwashe ta. Haka ma a nan. Iska in ta yi kaɗan, sakata ba za ta kai ƙarshen tafiyarta ba, bindiga ta cije. In ta yi yawa, sakata ta buɗe da wuri da ƙarfin tsiya, bindiga ta yi ta zabura a kafaɗa, kwanso ya lalace, sassa su riƙa cinyewa kafin lokacinsu.

Yawan iskar bai dogara da faɗin kafar kaɗai ba. Nisan kafar daga gindin bututu na da tasiri, domin matsin iska yakan ragu yayin da harsashi ke yin gaba. Tsawon bututun da ya rage bayan kafar shi ma na da nasa, saboda shi ke ƙayyade tsawon lokacin da iska za ta ci gaba da shiga kafin harsashi ya fita. Irin albarushi, nauyin harsashi, har da sanyi ko zafin ranar, duk suna da ta cewa. Ƙarfe ɗaya ba ya amo.

Daga Browning zuwa Stoner

Dabarar ba ta yau ba ce. A 1889, John Moses Browning, maƙerin bindiga daga garin Ogden na jihar Utah, ya lura da yadda iskar da ke fita daga bakin bindiga ke kwantar da ciyawa, ya ga ƙarfi ne ake zubarwa a banza. Daga wannan tunani aka samu bindigar Colt mai sarrafa kanta ta 1895.

Bayansa maƙera suka rabu gida biyu. Wasu suka sa iskar ta bugi fistan, fistan kuma ya tura sakata. Wannan hanya ce bindigar M1 Garand da sojan Amurka suka karɓa a 1936 ta bi, ita ce kuma hanyar AK-47 ta Mikhail Kalashnikov. Bututun nan na biyu da ake gani a saman na AK-47, gidan fistan ɗin ne. Wasu kuma suka ce a kai iskar kanta cikin bindigar, ba sai da dogon fistan ba, kamar yadda aka yi a Suwidin a 1942 da kuma Faransa bayan Yaƙin Duniya na Biyu.

Eugene Stoner, injiniyan kamfanin ArmaLite na Kalifoniya, shi ya gyara wannan hanya ta biyu a tsakiyar shekarun 1950. A tsarinsa iskar na shiga cikin marikin sakata ta buɗa a can, a kan layi ɗaya da bututun bindiga da kafaɗar maharbi. Babu wani ƙarfe mai nauyi da ke kai da komowa a saman bututu. ArmaLite ya sayar wa kamfanin Colt da haƙƙin AR-15, bindigar da aka gina kan wannan tsari, a 1959, sojoji suka karɓe ta da sunan M16, Colt kuma ya fara sayar wa farar hula samfurin da ke fitar da harsashi ɗaya a kowane jan kunama.

Stoner bindigar yaƙi mara nauyi yake nema. Sai dai tsarin nasa ya zo da wata fa'ida da maharban gasa suka gano daga baya: tunda babu abin da ke dukan bututu daga sama, bututun ya fi samun natsuwa.

Darasin Biyetnam

Tarihi ya nuna abin da ke faruwa idan ma'aunin iska ya goce. A tsakiyar shekarun 1960, lokacin yaƙin Biyetnam, hukumomin sojan Amurka suka canza irin albarushin da ake zubawa a harsasan M16 zuwa wani daban da wanda aka gwada bindigar da shi. Sabon albarushin ya ƙara matsin iska a daidai kafar, ya sa bindigar gudu fiye da ƙima, ya kuma bar dauɗa mai yawa.

Ga damshin dazukan Biyetnam, ga ƙarancin kayan wanke bindiga a hannun sojoji. Sakamakon shi ne bindigogi suka riƙa cijewa ana tsakiyar faɗa, aka yi asarar rayuka. Wani kwamitin majalisar wakilai ƙarƙashin Richard Ichord ya binciki lamarin, ya fitar da rahoto a 1967 da ya soki hukumomin soja da kakkausar murya. Gyaran da aka yi ya haɗa da ƙara nauyin abin da ke rage gudun sakata, da shafa wa mazaunin harsashi sinadarin da ke hana tsatsa, da raba kayan wanki.

Tun daga lokacin soja ya riƙe ƙa'ida ɗaya: gara iska ta ɗan yi yawa bindiga ta tashi cikin laka da sanyi, da a rage ta don jin daɗin kafaɗa.

Abin da maharbin gasa ke nema

Buƙatar ɗan gasa ta sha bamban. Shi bindigarsa a wanke take, harsasansa zaɓaɓɓu ne, wani ma da hannunsa yake auna albarushin kowane ɗaya. Abin da yake so shi ne harbi na ashirin ya fita daidai yadda na farko ya fita.

Bututun bindiga yakan yi rawa a duk lokacin da aka harba, rawar da ido ba ya gani. Harsashi kan bar bututun cikin kimanin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa, ana tsakiyar wannan rawa. Idan rawar iri ɗaya ce kullum, harsasai za su taru wuri ɗaya. Idan wani abu ya taɓa bututun yau bai taɓa gobe ba, sai su watse. Kuskuren da ya kai inci ɗaya a yadi 100 yakan zama inci 6 a yadi 600, wato faɗin da'irar tsakiya gaba ɗaya.

Wannan ne ya sa masu haɗa bindigar gasa suke barin bututu ya tsaya shi kaɗai, marikin da hannu ke kamawa ya kewaye shi ba tare da ya taɓa shi ba. A irin wannan tsari, matarar iska da siririn bututunta ne kaɗai suka rage a jikinsa. Duk wata karkata ko gogayya da ta samu a wurin, kai tsaye za ta bayyana a kan allo.

A tsohuwar M16, matarar iska da hasumiyar saitin gaba abu ɗaya ne, kuma a jikinta ake ɗaura maɗaurin da maharbi ke naɗewa a damtse. Duk lokacin da ya ja maɗaurin don ya kafe bindiga, yana lanƙwasa bututun ne ba tare da ya sani ba. Masu aikin bindigar gasa suka warware matsalar ta hanyar ɓoye wani bututun ƙarfe a ƙarƙashin marikin, suka mayar da maɗaurin kansa. Da wannan gyara, da harsasai masu nauyi da ke jure iska a nesa, rundunar maharban sojan ƙasa ta Amurka, wadda aka kafa a 1956, ta koma amfani da M16 a shekarun 1990, ta ture tsohuwar M14 daga kan layin gasa.

Akwai kuma batun lokaci. A zagayen yadi 200, maharbi na da daƙiƙa 60 ya harba harsashi goma a zaune. A yadi 300 yana da daƙiƙa 70 a kwance. Bindigar da ta cije sau ɗaya a nan ta jefa shirin shekara guda cikin haɗari. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Gardamar maƙera

Hanyoyi uku aka sani na riƙe matarar iska a jikin bututu, kuma kowace na da magoya baya.

Ta farko ita ce ta soja, inda ake kafe ta da ƙusa. Masu wannan ra'ayi sun ce babu zafi ko faɗuwar da za ta motsa ta. Masu suka kuma sun ce aiki ne na ƙwararre mai injin da ya dace, kuma suna ƙyamar a taɓa naman bututun da aka saya da tsada.

Ta biyu ita ce ta ƙananan notuna da ke danna bututu daga ƙasa. Ita ta fi yaɗuwa saboda sauƙi da rashin nauyi. Sai dai wasu maharban nesa na zargin cewa matsi a wuri ɗaya na iya taɓa daidaiton ramin bututu, musamman siriri, wasu kuma na ganin zargin ya fi abin da ake gani a allo girma.

Ta uku ita ce mai rungumar bututu ta matse shi ta kowane gefe. Masu neman daidaito na ƙarshe sun fi karkata gare ta, ko da yake kaurinta kan hana ta shiga ƙarƙashin siririn mariki.

A 'yan shekarun nan wata gardamar ta ƙaru a kan matarar da ake iya rage wa iska ko ƙara mata. Masu gasar gudu da harbi na son ta domin tana rage zaburar bindiga, saiti ya dawo kan allo da wuri. Masu amfani da na'urar rage ƙara ma na neman ta, saboda na'urar na mayar da iska baya fiye da ƙima. Tsofaffin hannu kuwa na gargaɗin cewa duk abin da ke juyawa yana iya kwancewa, ko baƙin hayaƙi ya daskarar da shi, kuma bindigar da aka rage wa iska a ranar zafi tana iya ƙin tashi da sanyin asuba.

Abin da duka ɓangarorin suka yarda da shi guda ne: kafar matara da kafar bututu dole su dace da juna, kuma wanda bai ƙware ba ya kai wa wanda ya ƙware. Matsin da ke cikin bututun bindiga ya haura na tayar mota sau dubu, fuskar maharbi kuma ba ta da nisa da shi. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Yadda garejin gida ya zama maƙera

Dalilai da dama suka haɗu suka yaɗa wannan sana'a. Haƙƙin mallakar da ke kare tsarin Stoner ya ƙare a 1977, kamfanoni masu yawa suka shiga ƙera sassa masu ma'auni ɗaya, ta yadda bututun wannan kan shiga jikin na wancan. Dokar tarayya ta 1994 da ta taƙaita sayar da irin waɗannan bindigogi ta ƙare a 2004, majalisa ba ta sabunta ta ba. Sojojin da suka dawo daga Iraƙi da Afganistan sun saba da samfurin. Intanet kuma ta kawo kasuwar har ƙofar gida.

Ƙungiyar masana'antun bindiga ta Amurka ta ƙiyasta cewa irin waɗannan bindigogi da ke hannun jama'a sun haura miliyan 20. Dokokin gasa ma sun bi sawu. Daga 2016 aka amince a ɗora madubin hangen nesa mai matsakaicin ƙarfi a ajin bindigar soja, abin da ya rage buƙatar tsohuwar hasumiyar saiti, ya buɗe wa ƙananan matarai ƙofa.

Inda doka ta ja layi

A dokar tarayyar Amurka, gaɓa ɗaya ce ake ɗauka a matsayin bindiga: gangar jikin ƙasa mai ɗauke da kunama. Ita ke da lamba, ita ake bincikar tarihin mai saye a kanta idan daga dillali mai lasisi ne. Bututu, matarar iska da sauran sassa kuwa, a mafi yawan jihohi kaya ne kamar kowane kaya.

Ta nan matsala ta ɓullo. Wasu kamfanoni suka riƙa sayar da gangar jikin da ba a kammala ba, babu lamba, babu bincike. Bindigogi marasa lamba da 'yan sanda suka kama sun tashi daga ƙasa da 2,000 a 2017 zuwa kimanin 19,000 a 2021, yawancinsu ƙananan bindigogin hannu. A 2022 gwamnati ta fitar da ƙa'idar da ta shigar da irin waɗannan kaya ƙarƙashin dokar lamba da bincike, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da ita a watan Maris na 2025.

Birtaniya ta bi wata hanya. Bayan kisan mutum 16 a Hungerford a 1987, dokar 1988 ta haramta manyan bindigogi masu ɗana kansu. Maharban da ke gasa a filin Bisley ba su daina ba. Suna amfani da bindigogi masu siffar AR-15 waɗanda bututunsu ba shi da kafar iska kwata-kwata, sai maharbi ya ja sakata da hannu bayan kowane harbi. Da wasu maƙera suka fito da dabarar da iska ke buɗe sakata ta tsaya sai an saki, majalisa ta toshe wannan ma a 2019, ta ambaci amfani da iskar albarushi wajen fitar da kwanso a cikin dokar.

New Zealand ta haramta yawancin bindigogi masu ɗana kansu makonni kaɗan bayan an kashe masallata 51 a masallatai biyu na Christchurch a 2019. Kanada ta haramta AR-15 a 2020. A Najeriya, inda jama'ar Arewa suka san ɗacin bindiga fiye da daɗin gasarta, dokar makamai ta 1959 ta hana ƙera bindiga ko harhaɗa ta ko gyara ta ba tare da izinin hukuma ba.

Kowa da hujjarsa

Maharban gasa a Amurka na cewa ana ɗora musu laifin da ba nasu ba. Hujjarsu ita ce alƙaluman hukumar FBI sun sha nuna cewa ƙananan bindigogin hannu ake amfani da su a mafi yawan kisan kai, dogayen bindigogi kuwa kasonsu kaɗan ne. Suna kuma nuni da tarbiyyar filin gasa, inda ba a yafe sakaci ko kaɗan, da tarihin shirin koyar da farar hula harbi da majalisa ta assasa tun 1903.

Iyayen yaran da aka kashe a makarantun Sandy Hook a 2012, Parkland a 2018 da Uvalde a 2022 na da tasu amsa. Irin wannan bindiga ce aka shiga azuzuwan da ita, kuma sauƙin riƙo da saurin ɗana kai da ɗan gasa ke yabo su ne suka ba makashi damar yin ɓarna mai yawa cikin mintuna. Jihohi kusan goma, ciki har da Kalifoniya, New York da Illinois, sun taƙaita ko sun hana sayar da ita.

Dukkan hujjojin biyu gaskiya ne, kuma ɗaya ba ta goge ɗaya. Gwanintar da ke sa mutum ya daidaita iska da ƙarfe har ya tara harsashi ashirin cikin tafin hannu daga rabin kilomita ilimi ne da ya cancanci girmamawa. Amma misalin Birtaniya ya nuna cewa daidaiton harbi da saurin harbi abubuwa biyu ne da ake iya rabawa: an toshe kafar iska, gasa ba ta mutu ba.

Wannan ne darasin da ya kamata masu yin doka a ko'ina su ɗauka. Dokar da ta tsaya a kan siffar bindiga, launinta ko marikinta, maƙera kan kewaye ta cikin watanni. Wadda ta fahimci yadda bindigar ke aiki ita ke kama bakin zaren. Su ma masu sana'ar akwai nauyi a wuyansu. Wanda ya san darajar ma'auni har ya damu da karkatar da ba ta kai kaurin gashi ba, shi ya fi kowa cancantar ya goyi bayan lamba a kan kowace bindiga, bincike a kan kowane mai saye, da makulli a kan kowane akwatin ajiya.